Manjo Isuhu da Rabi biyu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Isuhu, wanda mutanen Madarumfa suka fi sani da Manjo, don shi ne shugaban ma'aikatan jinya a asibitin da ya yi aiki. Ni mai lambu ne a bakin tabki, abin da na sani na aikin asibiti a wajensa na gani.

Wata damina aka kwantar da mata biyu gado kusa da gado, kowacce Rabi, kowacce daga Safo. Wata sabuwar ma'aikaciya, Zuwaira, ta yi wa ɗaya allurar da aka rubuta wa ɗayar. Jikin matar ya kumbura, numfashi ya fara gagararta, da ƙyar aka ceto ta. Dangi suka taso, manya suka ce a kori yarinyar. Isuhu ya je da kansa ya faɗa wa mijin matar gaskiya, ya ba shi haƙuri, amma kora ya ƙi. Ya ce wa manyan, "In mun kore ta, gobe wanda ya yi kure ɓoyewa zai yi, mu binne mutum ba mu san dalili ba."

Daga nan ya kafa doka: ba allura, ba ƙarin ruwa, sai an tambayi majinyaci sunansa, sunan ubansa da garinsu. Ya ajiye buta da sabulu a bakin kowane ɗaki. Duk Litinin ma'aikata su zauna, kowa ya faɗi kuskuren da ya yi ko ya kusa yi, ba zagi ba horo. Shi ke fara faɗin nasa. An yi masa dariya, abokansa a majalisa har tare shi suke yi: "Sunanka? Sunan ubanka?"

Watan jiya zazzaɓi ya kayar da maiɗakina, na kai ta asibitin. Zuwaira ce manjo yanzu. Ta san mu sarai, ta sha cin tuwon gidanmu, amma da ta zo da allura sai ta ce, "Inna, faɗa mini sunanki." Maiɗakina ta harare ta, sannan ta faɗa.

Da Isuhu zai leƙo yau, na san zai yi faɗa kan famfon da ya lalace da cunkoson ɗakin yara. Amma zai tarar zaman Litinin bai mutu ba, matasan da ba su taɓa ganinsa ba suna faɗin kuskurensu ba tsoro.

Yaya bai bar gidan siminti ba, bai bar mota ba. Ya bar mutanen da suka shiga asibiti suka fito da ƙafafunsu, ba su ma san an tsare su daga wani abu ba. Wasunsu a wajena suke sayen albasa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.