Yaya Laminu da Damshin Ƙasar Cadawa

Bana shekara goma sha takwas ke nan da muka binne yayana Laminu a Cadawa. Har yau ruwan farko ba ya sauka ban tuna da shi ba.

Lokacin da sojoji suka ja baya aka saki bakin mutane, gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara buɗewa. Wani attajiri ɗan takara ya buɗe nasa, ya ɗauki Yaya Laminu ya riƙa gabatar da shirin manoma. Yayan nawa ba malamin gona ba ne, murya ce Allah ya ba shi, sai kuma taurin kai da ya gada wurin tsohonmu.

Abin da ya dame shi guda ne. Damina ta rage tsawo, amma mutanenmu daga ruwan farko suke zuba iri, kamar yadda kakanni suka yi. Sai ruwa ya ɗauke, shuka ta ƙone, irin da aka adana ya tafi a banza. Shi ya sa kullum yake rufe shirinsa da cewa, "Kada ku yarda da ni. Ku tona ƙasa, in damshi bai kai gwiwar hannu ba, ku bar irinku cikin rumbu."

Mai gidan rediyon bai so haka ba, don mai neman ƙuri'a ba ya son talaka ya tsorata. Sai ya kawo wani mai baki, ya zaunar da shi gaban Yaya kowane mako, wai a ji ta kowane ɓangare. Mutumin ya ce babu abin da ya canza, zancen Nasara ne kawai. Ya iya ba da dariya, kuma ya faɗi abin da kunne yake so. Na ga dattijon da ya ga rafin garinsu ya ƙafe da idonsa, amma yana gyaɗa kai saboda rediyo ta faɗa. Wannan ya ƙona mini rai, har yau ma yana ƙona mini.

Da mai gidan rediyon ya ce Yaya ya daina maganar tonon ƙasa, ya amsa, "Alhaji, in na yi shiru iri ya ƙone, mi za ni ce ma mutane ran kasuwa?" Aka karɓe shirin. Ya koma gona, bai sake shiga ɗakin watsa labarai ba har ya rasu.

Da zai dawo yau, da ya tarar mai bakin nan ya hayayyafa. Yanzu kowace salula tana da nata, ana tura muryoyi daga Gazawa zuwa Gidan Sori kafin a gama shan fura. Na san zai yi tsaki. Amma ban yi zaton zai karaya ba, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma shi bai taɓa neman a gaskata shi ba.

Bara, washegarin ruwan farko, na tarar da 'yarsa Hadiza a gona, maƙwabta sun fito da ƙwaryar iri. Ta durƙusa ta tura hannu cikin ƙasa, ta zaro shi, damshi iyakarsa wuyan hannu. Ta ce mini, "Baba, ba mu shuka yau." Maza uku da ke gefe suka duƙa, kowa ya tona tasa gonar. Biyu daga cikinsu ba su ma san sunan yayana ba.