Naman da Baba Ya Tauna da Bakinsa

Shekarun baya, a shekarar da soja suka tattara suka koma bariki, muna zaune a Barnawa, ni da mahaifina da mahaifiyata. Na gama makaranta ina jiran aiki, girkin gida duk ya dawo hannuna, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Ka ce miyata ta yi gishiri, sai mu kwana uku ina amsa gaisuwarka ciki-ciki.

Lokacin Baba ya tashi daga doguwar jinya. Ciwon dasashi ya zubar masa da haƙoran ciki kaf, sai 'yan na gaba suka rage. Likita ya ce jininsa ya yi ƙasa sosai, lallai ya riƙa cin nama tare da magani, in ba haka ba sai an kwantar da shi an ƙara masa jini. Shi kuwa Baba ya rantse ba zai sake kwana a gadon asibiti ba.

Na ɗaura ɗamara. Na dafa nama har ya saki, ya zama zare-zare, Baba ya yi ta juya shi a baki ya kasa haɗiyewa. Na koma dakawa a turmi. Ranar da na kai masa, kallo ɗaya ya yi wa kwanon ya ture.

"Ɗauke. Ni ba jariri ba ne."

Mama ta lallaɓa, ta yi faɗa, duk a banza. Ina gani aka ƙara huda bel ɗinsa sau biyu. Gaskiya na tsorata, sai in ɓuya a bayan kicin in yi kukana in wanke fuska.

Muna da wani maƙwabci dattijo, mutumin Filato, muna kiransa Kawu. Ya yi shekaru yana aikin kuku a gidan wasu injiniyoyi 'yan Japan da suka zo aikin masaƙa. Wata Asabar da hantsi ya leƙo ta katanga.

"'Yata, me kike daka kullum? Ba ƙarar sakwara ba ce wannan."

Na faɗa masa komai. Ya ce in sayo tsoka zalla, marar jijiya, in sa a firiza ta yi tauri amma kada ta zama ƙanƙara. Allah Ya taimake mu, ranar an bar mana wuta.

Da rana sai ga shi da wuƙa naɗe a tsohuwar jarida, da wata 'yar kwalba mai baƙin ruwa. Ya ce da waken suya ake yinsa, yadda daddawa take a wurinmu haka yake a wurinsu. Ya juya tsokar a kan katako ya nuna mini.

"Kin ga zaren naman? Ke binsa kike yi, shi ya sa ko kin kwana kina dafawa yana nan. Ni gicciye shi zan yi."

Ya fara yanka. Jama'a, ban taɓa ganin hannu irin wannan ba. Tsohon da hannunsa ke rawa in ya ɗauki kofin shayi, amma da ya riƙe wuƙar nan ko gezau. Kowane yanki ya fito falan-falan, kana hango bakin wuƙar ta cikinsa. Ko mai kilishi sai ya sara masa. Na tsaya baki buɗe, albasar da ya ce in yanka tana hannuna.

Ya zuba baƙin ruwan, ya goga citta, sai kuma ya miƙa hannu ya ɗebi suga.

"Kawu, suga a nama?"

"Ki sa ido kawai."

Ya sa na tafasa taliya na tace. Ya bar kaskon suya ya yi zafi har mai ya fara hayaƙi, ya watsa albasa da kabeji, ya bi da naman. Juyi biyu, uku, ya juye taliyar a kai, ya kashe risho. Ko katakon ban gama wankewa ba.

"Kawu, ai ɗanye ne," na ce.

Ya tsamo yanki ɗaya ya ba ni. Na sa a baki. Nan take duk ilimin girkina ya tashi a tutar babu.

Kawu ya raba kwano biyu, ya je ya zauna kusa da Baba a baranda, ya ce shi dai ba ya iya cin abinci shi kaɗai. Ni da Mama muka laɓe a bakin ƙofa. Baba ya daɗe yana duban kwanon. Nama ne sak, yanka-yanka, ja-ja-jir, ba dakakke ba. Ya ɗauki guda ya kai baki. Muna kallon muƙamuƙinsa yana motsi a hankali. Ya haɗiye. Ya sake ɗauka. Mama ta damƙe mini hannu har sai da na ji zafi.

Sai da ya sharce kwanon tas, sannan ya share ido da bayan hannu ya ce da Kawu, "Rabona da in tauna abu da bakina, har na manta." Ya waiwayo wajen ƙofa. "Ku fito, na san kuna nan. Gobe ke za ki yi, ba mamanki ba."

Na yi, ya fito kauri-kauri, Kawu ya yi mini dariya son ransa. A hankali hannuna ya faɗa. Da muka koma asibiti jini ya hau, ba a kwantar da Baba ba.

Har yau in na tuna tsikar jikina tashi take. Ni duk a zatona laushi Baba yake nema, ashe so yake a bar masa girmansa. Na yi watanni ina daka masa nama da ƙauna, ban san kunya nake ba shi a kwano ba. Daga Baba har Kawu duk sun riga mu gidan gaskiya. Yanzu Mama ce haƙoranta suka fara tafiya, kuma ban taɓa kai mata dakakke ba.