Kawu Aliyo Tsakanin Karnuka Biyu

Duk wanda ya san Kawu Aliyo ya san ba a miƙa masa abu ya karɓa kai tsaye. Sai ya juya shi, ya shinshina, ya ce, "A ba shi mako guda mu gani." Haka ya yi wa rediyo, haka ya yi wa tabarau ɗin da likita ya ba shi. Har mijina, ranar da ya zo gaisuwar neman aurena, Kawu ya dube shi sama da ƙasa ya ce a ba shi mako guda. Muna shekara goma sha tara da aure Kawu ya rasu, bai taɓa faɗin sakamakon ba.

Shekarar da matarsa Inna Habsu ta rasu ta bar shi shi kaɗai a gida, dila ya addabi tumakinsa a kwarin bayan gari. Kawu ya ba da cigiyar kare, sai ga biyu rana ɗaya. Babban, wani abokinsa Buzu na wajen Ibohamane ya jawo shi, ja ne, tsayinsa ya kusa na ɗan maraƙi. Ƙaramin kuwa direban garinmu ya kawo daga Keita, wai wata Baturiya mai aikin gyaran ƙasa ta bari da za ta koma gida. Fari ne, gashi ya rufe masa ido, bai fi kyanwa da komai ba.

Malam Idi, taubashin Kawu, wanda ke jan mu salla a unguwa kuma katanga ɗaya ta raba su, ya leƙo ya yanke hukunci. "Aliyo, karen kiwo ya halatta. Wanga ɗan tsumma kuwa na zaman banza na, ba a aje irinai. Ran kasuwa mai zuwa direba shi mai da shi."

Kawu bai musa ba, amma na ga yadda yake satar kallon ɗan tsumman. Kwana bakwai ke nan suka rage wa ƙaramin a gidan.

Rigimar farko ta suna ce. Kawu ya nuna babban ya tambayi Buzu me ake ce masa, Buzu ya ce, "Idi." Ashe da yarensu haka ake kiran kowane kare. Washegari da hantsi Kawu ya tsaya tsakar gida ya ɗaga murya, "Idi, taho ka sha tsaki!" Malam ya amsa daga bayan katanga, har da "na'am". Da ya zagayo ya ga wanda ake kira, ya kusa haɗiye carbinsa.

"Ka canza mai suna yau ɗin ga."

"Ni na raɗa mai? Da sunanai ya zo. Kai ka canza naka, tun da kai ka jin Hausa."

Rana ta uku na tarar da dattawa a ƙofar gida suna ta yi wa ƙaramin tsiya. Wani ya ce ko ɓera ba zai tsorata ba. Kawu ya ce, "Kowa ya iya kushe." Yana rufe baki ɗan karen ya zube ƙasa, ya ɗora haɓa kan ƙafafunsa. Kawu ya jira karen ya tashi, ya sake cewa, "Kushe." Ya sake zubewa. Sau tara ya gwada, ina ƙirgawa. Ya gwada da "zagi", ya gwada da "tsiya", kare ko gezau.

Da yake ni ke koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, na ce, "Kawu, Faransanci yake ji. A can kushe na nufin kwanta."

"Ke dai kin cika ɓata labari, ɗiyata. Dabba ta ji an kushe ta, ta kwanta don kunya, ki ce mani Faransanci? Ku nan wa anka taɓa kushewa ya kwanta?"

Daga ranar sunansa ya zama Kushe, kuma duk kiran da za a yi masa sai ya kwanta tukuna.

Rana ta shida na kai wa Kawu fura kwari bayan la'asar. Babban ya miƙe ƙarƙashin bagaruwa yana sharar barci, ƙuda na yawo a hancinsa. Can sai Kushe ya fashe da haushi, siririyar murya mai huda kunne. Muka duba, ga dila ya laɓe bayan jerin duwatsun tare ruwa, taku kaɗan tsakaninsa da 'yar tunkiya. Kushe ya gama kururuwarsa ya shige ƙarƙashin rigar Kawu yana rawar jiki. Amma ya riga ya ta da babban, wanda ya bi dila har muka daina ganin ƙurarsu.

Kawu ko furar bai sha ba, ya wuce wurin Malam. "Tambaya gare ni. Mai tada mai gadi, shina cikin masu gadi ko ba shi ciki?"

Malam ya fara kame-kame.

"Kai ma ran da zakara bai yi cara ba, ai rana ka riga ka zuwa masallaci."

Malam ya yi dariya har da tari, ya ce to, Kushe ya zauna, amma wajen garke, kada ya kusanci buta ko buzun salla. Direba ya koma Keita hannu rabbana.

Da muka rage mu biyu na ce, "Kawu, tsakani da Allah, don tumaki ka yi wannan faɗan?"

Ya daɗe yana gyara igiyar takalminsa. "Babban na tumaki na. Wanga kuwa, in na ɗauko makulli zan buɗe gida, shi ka rigana shiga shi juyo shi tarbe ni. Wata bakwai ina buɗe ƙofar ga ba mai tarbata."

Gidana bai fi tafiyar minti biyar da nasa ba. Kunya ta kama ni a ranar, kuma har yau ba ta gama sakina ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Aliyo, Ya yafe masa, Ya yafe mana abin da muka gaza yi masa. Allah Ya sa mala'ikun rahama ne suka tarbe shi.