Mai Tafireta da Naman da Bai Iso Ba

Ku gyara zama, yau labarin Mai Tafireta zan ba ku. Kada wani ya ce na yi da shi a bayan ido, domin da bakinsa yake ba duk wanda ya shiga shagonsa, yana dariya tumbinsa na rawa.

Tafiretar da aka laƙaba masa ta daɗe da komawa ƙarƙashin tebur ta zama matakin ƙafa, amma sunan ya ƙi sakinsa. Tun yana saurayi yake buga wa mutane takardu a ɗan shagon nan da ke jikin na mai aski. Da zamani ya juya ya sayi kwamfuta, ya ci gaba da dukan madannanta kamar ta yi masa laifi. Waya ce dai ta gagare shi. Yatsunsa kauri gare su, in ya nufi harafi ɗaya sai maƙwabtansa su amsa. "Allah ya yi ni da yatsun ɗaukar buhu," in ji shi, "sannan ya jefo ni zamanin shafa gilashi."

Babbar 'yarsa ce ta tausaya masa. Ta zo shagon ta haɗa manhajar saƙonnin wayarsa da kwamfutar, don ya riƙa rubutu da manyan madannai. Ta yi masa dogon bayani, shi kuwa yana ta gyaɗa kai irin na wanda ya girmi a ce bai gane ba. Abin da ya ɗauka shi ne waya gidanta daban, kwamfuta gidanta daban, abin da aka faɗa a shago a shago yake kwana.

Ana nan sai likita ya ce jininsa ya hau: ba maiƙo, ba gishiri, ba lemon kwalba. Matarsa ta karɓi dokar hannu biyu. Kullum sai ta haɗo shi da kwanon dafaffen ganye, wanda ya ce ko akuya sai an roƙe ta. Amma a gaban 'ya'ya ya yi mata alkawari ya tuba. Don ma ya burge, sai ya fara barin wayarsa a gida a jikin caji.

"Ga ta nan, Maman yara. Wanda ba shi da abin ɓoyewa me zai yi da kulle?"

Yana isa shago kuwa sai ya rubuta wa mai abincin tsallaken titi ta kwamfuta: soyayyen nama, a zaɓo mai kitse, da lemo mai sanyi. Har yakan ƙara da cewa ganyen yau ma ya tafi cikin mai aski.

Ran nan da hantsi ya aika saƙonsa kamar kullum. Bai gama gyara zama ba sai ga wani saƙon ya fito a ƙarƙashin nasa, da sunansa, alhali hannuwansa na kan cikinsa: "Na fasa. A dafa kifi, ba mai, ba gishiri."

Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Saƙon na nan. Ya ƙwala wa mai aski kira.

"Zo ka gani, aljani ya shiga kwamfutata!"

Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu, ya karanta, ya ce, "Wannan aljanin dai ya san likitanka."

Mai Tafireta ya hau madannai da duka: "Ban fasa ba. Nama!" Nan take aka rubuta, "Na fasa." Ya ce nama, aka ce kifi. Mai abinci ta gaji ta rubuto: "Baba, wai ku nawa ne a cikin wayar nan? Mai fa ya yi zafi."

Amsa ta fito, yana gani da idonsa: "Mu biyu ne, 'yata. Ɗaya yana shago, ɗaya tana gida tana karanta komai tun ranar farko. A gaishe min da mai aski, ina fata ganyen ya karɓe shi."

Mai aski ya tuna ya bar mutum da rabin aski, ya sulale. Kifin ya iso fari fat, Mai Tafireta ya cinye shi tas, don ya ce ji yake har kwanon ido gare shi.

Da yamma ya shiga gida yana sanɗa, ya tarar da matarsa zaune da wayar a cinya, 'yar tasu a gefe.

"Sannu da tuba, Baban yara."

"Ai kin san halin kwamfutar nan..."

"Ƙarya ta yi maka?"

"Da ƙarya ta yi ai da na samu bakin magana."

"Baba, ai na gaya maka ɗaki ɗaya ne mai ƙofa biyu," in ji 'yar, tana danne dariya. "In kana so gobe in raba su."

Ya dubi matarsa. Gira kawai ta ɗaga.

"Bar su," ya ce. "Abin da Allah ya haɗa, ni wane ne?"

Yanzu daga gida take aika wa mai abinci saƙo, shi kuma ya ga ya fito a kwamfuta, ya rubuta a ƙasa, "Haka ne." Jinin ya sauka, alkawarin ya tsaya da ƙafarsa. Mai aski ne kaɗai har yau yake ƙorafin an raba shi da ganyensa.