Ƙofar Inna a Bakin Kududdufi

Shekara shida ke nan da rasuwar Inna, mahaifiyata. Har yau idan hadari ya haɗo a Anka nakan tuna ta tsaye kusa da indararo, randa a kife, tana kallon ruwa yana zuba ƙasa. Ba ta taɓa tarar ruwan farkon damina ba.

Ni injiniyan ruwa ne, kuma ni na rubuta shawarar a cike kududdufin unguwarmu, inda ruwan titunan gari yake taruwa. A lokacin gubar dalma tana kashe yara a ƙauyukanmu, ina tsoron ruwan titi ya kwaso ƙurar dutsen zinariya. Tsoron yana da tushe. Abin da karatuna bai nuna mini ba shi ne, rijiyoyin unguwar daga kududdufin suke sha. Da an cike shi, da sun ƙafe kafin bazara.

Inna ba ta faɗin sunana, domin ni ne ɗan fari. Da ta ji shawarata ta ce, "Kai wanga mai takarda, in rufi ya yi dauɗa, ɗakin aka rushewa? Ruwan hwarko na wanki na. Bar shi shi wuce, ka tare na baya."

Na yi dariya, na ce titi ba rufi ba ne. Wannan dariyar tana damuna har gobe.

Sai bayan mun binne Inna na janye takardata. Muka gina ƙofa a bakin magudanar: ruwan farko ya karkata zuwa wani rami da aka killace, na baya ya ratsa tsakuwa da yashi ya shiga kududdufi. Kowace shekara muna gwada ruwan, yana fita lafiya. Yau rijiyoyin suna kaiwa har faɗuwar sabuwar damina, makiyaya suna shayar da shanu, mutanen Gummi da Bukkuyum suna zuwa a kan babura su auna ƙofar su tafi su gina tasu.

Da Inna tana raye ta ga wannan, ba na jin za ta yabe ni. Za ta tambayi wanda ke buɗe ƙofar, ko yana da haƙurin jira.

Sunana ne a kan zanen aikin, amma kowa Ƙofar Inna yake ce mata, kuma ban taɓa gyara wa kowa ba. Allah ya jiƙanta, ya shayar da ita kamar yadda ta shayar da gari.