Ranar da Indo Ta Yi Kukan Gaske

Ban taɓa mantawa da ranar Talatar nan ba, kuma ba na jin zan manta. Ina kwance bisa tabarma a tsakar wata lakwal, wato makarantar boko, ta ƙauye kusa da Ibohamane, yara sun kewaye mu, sai na ji wani abu ya soke ni a idon sawu kamar an kafa mini ƙusa mai zafi.

Ga sababbin ’yan ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo da ba su san wasan ba, ga yadda yake. Ni ce Indo, yarinyar da zazzaɓi ya kayar. Tanti Hawa, babbarmu a cikin mata, ita ce uwata, wadda ta ƙi kai ni likita. Idan na yi kuka na ce a taimake ni, sai Shef Alkasum, mai tsara wasan, ya tafa hannu, kowa ya ƙame yadda yake, ya tambayi yara abin da ya kamata a yi. Dokarsa ɗaya ce, ba a katse yaro yana magana.

Ranar an shimfiɗa tabarmata a jikin katangar duwatsu, don nan ne kaɗai inuwa. A wurare irin wannan kububuwa take kwanciya, kowa a Adar ya sani. Ban ga abin da ya cije ni ba. Na dai ji zafin yana hawa zuwa gwiwa, na ƙwala ihu.

Tanti ta sunkuyo ta raɗa mini: “Ke Ramatu, kin yi gaggawa, ba mu kai nan ba.”

Na ce, “Tanti, wallahi wani abu ya cije ni, ku kai ni likita!”

Shef da ya ji kalmar likita, sai ya tafa hannu. Kowa ya ƙame. Ya ratsa ta kusa da kaina yana murmushi, ya ce ƙasa-ƙasa, “Yau kam kin kama wasanki, ɗiyata. Ci gaba haka.” Wata uku yana faɗa wai kukana kamar na akuya mai ƙoshi ne.

Ya juya ga yara. “To, ’yan lakwal, mi za a yi ma Indo?”

Wata ta ce a dama mata fura. Wani ya ce kakarsa tana da saiwa mai kyau. Wata ’yar aji shida ta miƙe ta jero alamomin zazzaɓi tun daga farko, ta manta ɗaya, ta sake daga farko. Ni kuwa ina kalmar shahada, ina tuna innata a Madawa da ban yi wa sallama da kyau ba. Har darektan lakwal yana share ido.

Abin da ya cece ni, a wasan akwai inda Tanti take shafa goshina. Ta shafa, ta ji zufa mai sanyi sharkaf. Ta yaye zanena, ta ga ɗigon jini. Ban taɓa ganin mace mai jikinta ta tashi da sauri haka ba.

“Alkasum, bar surutun nan! Yarinyar mutane za ta mace muna!”

Shef ya ce, “Hawa, wannan ba ya cikin...” Bai ƙarasa ba ta riga ta goya ni. Yara suka bi motarmu da gudu suna tafi, suna murna uwar Indo ta shiryu.

A gidan likita majo, wato babban ma’aikacin jinya na wurin, ya duba ƙafar, ya buɗe bakina ya duba dasashi. Ya ja jinina ya zuba a ’yar kwalba, ya ajiye bisa tebur. Ya ce dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, don haka za mu jira minti ashirin. In ya daskare, da sauƙi. In bai daskare ba, sai a garzaya da ni babban gidan likita na Keita.

Minti ashirin ɗin nan ban ɗauke ido daga kwalbar ba. Shef yana tsaye bakin ƙofa, hula a hannu, ya kasa kallona. Shekarunsa da yawa yana koya wa mutane kukan ƙarya, na gaske ya zo gabansa ya yaba masa. Ban riƙe shi ba, aikinmu ne ya gaji haka. Amma tun ranar duk wanda ya ɗora hannu biyu a ka, an tsayar da wasa ke nan, ko wane yaro ke magana. Tabarma kuma da hannuna nake kakkaɓe ta, sau biyu, kuna ta yi mini dariya. Ku yi.

Ana kiran azahar majo ya ɗauki kwalbar ya kifa ta. Ko ɗigo bai zubo ba.

Ya ce, “Ba maciji ba na, kunama ta. Za ki sha zogi har gobe, amma ba ki tahiya ko’ina, ɗiyata.”

Sai a lokacin Tanti ta zauna daɓas a ƙasa, ta fashe da kuka, ni mai ciwon nake ba ta haƙuri.