Takardar da ta ce Inna ba ta haifi Yaya Habu ba

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana, Malam Habu, wanda ya bar mu a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Allah Ya jiƙansa. Ban yi niyyar rubuta komai bana ba, wata takarda ce da ta faɗo hannuna cikin makon nan ta hana ni yin shiru.

Aikin Yaya, a wani ofishin bincike da ke nan Kaduna, shi ne koya wa ma'aikata yadda ake shiga cikin mutane a ji yadda suke rayuwa. Shi ya jawo ni aikin, don namiji ba ya shiga gidan matan aure, ni kuwa ina shiga. Wata uku yake riƙe ɗalibi kafin ya sake shi. Ya koya musu cewa zuwan farko wurin mutane gaisuwa ce kawai. A na biyu sai ka kama aiki, in tsintar wake ake yi ka tsinta, in shagon tela ne a Kawo ka riƙe masa bakin yadi. Sai a na uku ake fito da biro, shi ma da izini. Abin da ya fi nanata mini shi ne kada in tambayi mace 'ya'yanta nawa. Ɗan fari ba ta kiran sunansa, ba ta sa shi a lissafi, saboda kunya. "Ki zauna," in ji shi, "ki ga wanda ba ta ɗaga ido ta kalla idan ya yi sallama."

Yanzu an kawo mana wani Dakta da ya dawo daga ƙasar waje da kwat da 'yar jaka. Ya ɗaga littattafan Yaya da yatsu biyu, ya ce hirar tsofaffi ce. Wai zamani ya canza, unguwar Rigasa kullum ƙara faɗi take, ba mai wata uku na ɓatawa. Aka buga takarda mai gida-gida, a sa lamba ko alama, a tura wa na'ura ta haɗa lissafi. Horo ya koma kwana biyu. Ni aka ce in koyar, kuma na koyar, don ina tsoron rasa aikina. Wannan ba zan ɓoye ba, ina jin kunyarsa.

Kada wani ya ce Yaya maƙiyin zamani ne. Shi ya fara kawo rakoda ofishin nan, lokacin da waɗannan masu kwat ba su san inda ake danna ta ba. Amma sai ya kunna wa mutum muryarsa ya ji, abin da bai yarda da shi ba a goge. Da yana raye, na tabbata da ya karɓi na'urar da hannu biyu, ya kuma hana a ɗura mata shirme.

Ina tace takardun Kawo sai na ga lambar gidanmu. Wata ɗalibata ce, 'yar horon kwana biyu, ta shiga wurin Inna. Haihuwa nawa? Huɗu. Masu rai? Huɗu. Waɗanda suka rasu? Babu. Mu biyar Inna ta haifa, kuma Yaya Habu ne na fari.

Na kai wa Dakta. Ya leƙa ta saman tabarau ya ce, "Malama, kuskure ɗaya ba ya ɓata sakamako." Na ce, "Ranka ya daɗe, kowane gida akwai ɗan fari. Kai na nawa ne a ɗakinku?" Ya gyara wuyan kwat ya ce wannan ba ya cikin aiki. Mutum ya sha nonon Bahaushiya, ya ƙetare teku ya dawo da digiri uku, amma abin da kowace mai sayar da ƙosai a tashar Kawo ta sani ya gagare shi. Ya ce ranar Litinin in sa hannu a kan tsarin kwana biyu na ɗalibai masu zuwa, in ba haka ba akwai masu neman kujerata.

Da na tashi aiki na wuce gida. Na ce, "Inna, an rubuta huɗu." Ta ce, "Huɗu na ce." Can ta ɗaga matashinta, ta ciro hular Yaya, ta kakkaɓe ta, ta mayar. Har yau ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma takardar Dakta ba ta da gidan da za a sa wannan.

Littattafansa suna cikin kwali, rakodarsa ta lalace. Abin da ya rage na Yaya shi ne wata ukun nan, kuma a hannuna kaɗai suke. Takardar ta riga ta tafi wurin na'ura, a lissafinsu ba a taɓa haihuwarsa ba. Ni da ya goya a bayansa, ranar Litinin ba zan sa hannu ba.